Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mujiya a Daji

Masu tambaya sun yi yawa, to ga matakan a jere.

1. Nemo mazauninta tun da rana. Duba gindin manyan bishiyoyi: farin kashi, da ɗan dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera da take amayarwa. In kuma ka ji ƙananan tsuntsaye sun yi cincirindo a reshe ɗaya suna hayaniya, ɗaga kai. Sau da yawa ita suke tsangwama.

2. Koma wurin dab da faɗuwar rana, ko da asuba.

3. Sa tufafi masu duhu waɗanda ba sa ƙara.

4. Ɗaura wa kyamara gilashi (lens) mai jawo nesa, 300mm ko fiye.

5. Kafa kyamarar a kan mai ƙafa uku.

6. Kashe sautinta. Tsuntsuwar da ke jin motsin ɓera cikin ciyawa, ƙaras ɗinka ba zai wuce ta ba.

7. Ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200.

Hattara: nan ake kwafsawa. Duhu ya yi, hannu sai ya kai ga fitilar kyamara. Kada ka haska wa mujiyar ido.

8. Sa saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa in tana zaune, 1/1000 in za ta tashi.

9. Saita gilashin kyamara a kan idon mujiyar. Ni dai in ido bai fito tas ba, gogewa nake yi.

Hattara: in ta miƙe, ta tsuke jiki, ta zuba maka ido, ka matso da yawa. Ja da baya.

10. In ka saka hoton a intanet, kada ka faɗi inda sheƙarta take.