Yadda Ake Riƙe Karatun Hausa A Gida Bayan An Bar Kaduna

Iyalai da yawa da aiki ko karatu ya ɗauka daga Kaduna zuwa Landan, Jidda ko Dubai sukan tafi da littattafan Hausa. Kafin shekara biyu sai ka tarar ana yi wa yaro Hausa yana amsawa da Turanci, littattafan kuma suna ƙasan akwati. Tun kafin tafiya ake fara gyaran wannan.

Ku fara da sayayya. A leƙa masu littattafai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, abin da ba a samu ba a nemo shi a Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 ce. A sayi littafin koyon karatu na firamare, da na tatsuniyoyi, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na ɗaya zuwa na uku. Wanda za a fi karantawa a sayi kwafi biyu, ɗaya a hannun yaro, ɗaya a hannun babba. A buɗe kowane littafi a gaban mai shago, domin bugun jabu yakan zo da shafuka a dushe ko a tsallake. A duba kuma ko an sa lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ. Wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ku bar shi, komai araharsa. Takarda tana da nauyi, yawancin jiragen waje kuma kilo 23 suke yarda a jaka ɗaya, don haka a rarraba littattafan cikin jakunkuna.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a miƙa wa yaro littafi a ce ya karanta da kansa, tunda ya iya karatun Turanci. Ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Rubutun Hausa na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na zama da "gari" na tuwo duk rubutu ɗaya ne. Haka "fara" ta ci, da "fara" aiki, da "fara" ta launi. Mu da muka tashi cikin harshen kunnenmu ne yake raba su ba tare da mun lura ba. Yaron da kunnensa bai cika da Hausa ba zai furta haruffan daidai amma bai san me ya faɗa ba. Ga kuma ɗabi'ar Turanci: zai ga "cokali" ya ce "kokali", ya ga "gobe" ya haɗiye wasalin ƙarshe.

Maganinsa kunne ya riga ido. Uwa ko uba ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, yaro yana bi da yatsa a nasa kwafin. A sake karantawa tare. A karo na uku ne yaro zai karanta shi kaɗai. In ya yi kuskure kada a katse shi a tsakiyar jimla, a bari ya kai aya, sannan a faɗi kalmar daidai ya maimaita. Kada a fassara masa zuwa Turanci, a yi masa bayani da Hausa mai sauƙi. Minti 15 ya isa, amma kullum. Kuma kada ƙanne ko yayye su yi masa dariya. Sau ɗaya aka yi, zai ɗinke bakinsa.

Kada ku ɗaura lokacin karatun da sallar Magariba kamar yadda aka saba a gida. A Landan takan wuce ƙarfe 9 na dare a watan Yuni, a Disamba kuma kafin ƙarfe 4 an yi ta. Bayan abincin dare ya fi.

Sauran mai sauƙi ne. Kaka ta riƙa turo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta muryar WhatsApp, yaro ya rubuta mata amsa layi uku. A sa allon rubutun Hausa a wayar domin ya sami haruffa masu lanƙwasa. In ya kai shekara 12, a ba shi labari ɗaya daga Aminiya ko BBC Hausa kowane mako ya karanta wa gida. Duk mai zuwa daga Kaduna a roƙe shi ya riƙo sabon littafi.