Yadda ake rama biki ba a ji kunya ba

Toh 'yar uwa, in dai kina zuwa suna da aure kin san gudunmawa bashi ce, ba a sa hannu a takarda ba amma kowa na riƙe da lissafinta a ka. Wani Bafaranshe mai nazarin al'adu, Marcel Mauss, tun 1925 ya ce kyauta tana tafe da wajibai uku, a bayar, a karɓa, a rama. Kakanninmu mata ba su taɓa jin sunansa ba, su dai biki suke cewa.

Fara da littafi. Ranar hidimarki ki zaunar da ƙanwarki ko wata amintacciya tana rubuta wa ya kawo me, turmin atamfa ne, sabulu da omo, ko dubu biyar a ambulan, harda wanda aka turo ta banki dan alat sai ya ɓace cikin waya ki zo kina rantsuwa wance ba ta ba ki komai ba alhali ta bayar.

Wajen ramawa ne ake yawan kwafsawa. In ƙawarki ta kawo dubu biyar, kar ki mayar mata dubu biyar cif, kamar kin ce ga kayanki mun rabu ne. Da can ninkawa ake yi, ta ba ki ɗaya ki kai biyu, yanzu kam da tsadar nan ɗan ƙari ma ya wadatar, shi ƙarin ne ke sa gobe ita ma ta taso. Kuma banda gaggawa, ki jira tata hidimar ta zo. Wadda aka kawo wa tsaraba yau gobe da sassafe ta aika da ramuwa, wallahi ni ina ganin ta nuna ba ta son zama da alherin mutane a kanta.

Yaron da aka aiko da kaya kuwa a ba shi tukuici ko na alawa ne. Sadaka daban take, wannan ba ta shiga littafi.

In bikin ya zo ba ki da ko sisi, kar ki ɓuya. Ki je tun safe ki kama girki da wanke-wanke, ki ja ta gefe ki ce Hajiya ina sane, naki na nan tafe in an yi albashi.