Yadda na gyara jam ɗin tuffa da ya ƙi yin kauri

Alhamdulillah yau dai ya yi. Irin jam ɗin nan na Amurkawa ne da ake dafa tuffa har ta koma ruwan ƙasa, nawa kullum tsululu yake fita, gindin tukunya kuma ya kama. Na ƙara suga zaƙi kawai ya ƙaru, na ƙara wuta sai ƙauri. Ashe murfi ke mayar da tururin ciki.

Tuffa kilo 2 na dafa na markaɗa da suga kofi ɗaya da kirfa, na juye a faffaɗan tire, obin a digiri 150 na Celsius, babu murfi, ina juyawa duk minti 30 har awa uku. Na ɗiga cokali ɗaya kan faranti mai sanyi, ruwa bai tsatso ta gefe ba, sai na juye a kwalba na sa firij.