Ga iyaye masu bi da suka sauka Birtaniya da 'ya'yansu

'Yan'uwa da kuka baro Jos, Kafanchan, Biliri ko Mubi kuka sauka a wannan ƙasa, Lahadin farko za ta ba ku mamaki fiye da sanyin da aka yi ta tsorata ku da shi. A gida tun da sassafe unguwa take kaɗawa, mata cikin ankon Zumuntar Mata, yara riƙe da kuɗin baiko, kowa ya nufi sujada. A nan kuwa titi shiru, maƙwabcinku yana wanke mota, manyan kantuna a buɗe. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka kira kansu Kirista, karo na farko da adadin ya gaza rabi, yayin da kashi 37 suka ce ba su da addini. Cikin waɗannan mutane 'ya'yanku za su yi abokai.

A ikilisiyoyin ECWA, COCIN, EYN ko HEKAN da muka tashi, ɗa na kowa ne: malamin makarantar Lahadi yana koya masa aya, kaka tana tashinsa addu'ar safe, dattijon ikilisiya yana tsawata masa ko da iyayensa ba sa wurin. Duk wannan gata ya tsaya a filin jirgin Abuja. Abin da ya rage wa yaro ya duba shi ne uwa da uba a cikin ɗaki biyu da falo, inda ba a iya ɓoye hali.

Manzo Bulus, a Romawa sura 12, ya roƙi masu bi su miƙa jikinsu hadaya rayayyiya, kuma a ganina hadayar da ta fi wuya a nan ita ce ta lokaci. Da yawa daga cikinmu a asibiti ko gidan kula da tsofaffi muke aiki, tsayuwar awa 12, ga kuɗin haya, ga haraji, ga 'yan'uwa a gida da ke jiran aike, saboda haka duk lokacin da aka ce akwai ƙarin aiki ranar Lahadi hannu yakan miƙe da kansa. Muna gaya wa yara cewa dominsu muke shan wannan wahala, kuma gaskiya ne, amma yaro mai shekara takwas abin da ya gani yake lissafawa: wata uku Baba bai zauna kusa da shi a coci ba. Ma'aikacin kanti yana da haƙƙi a doka ya janye daga aikin Lahadi idan ya ba da sanarwar wata uku a rubuce. Mai kula da marasa lafiya ba shi da irin wannan, don haka sai ya je wurin mai tsara jadawali tun makon farko, cikin ladabi, ya nemi a bar masa Lahadi biyu a wata. Sau da yawa abokin aiki Musulmi da ke neman rana tsaka ta Juma'a yakan yarda a yi musaya, abin da mu 'yan Arewa ba baƙonmu ba ne. Albashi zai ɗan ragu, kuma ya kamata yara su san cewa da gangan aka bar kuɗin.

Sai batun gaskiya. Na taɓa buga waya wurin aiki na ce ba ni da lafiya, alhali baƙo nake son tarowa daga tashar jirgin ƙasa, ina ajiye wayar 'yata ta ɗago daga kwanon shayinta ta ce, “Baba, in kawo maka magani ne?” Ban sami bakin amsawa ba. Wanda ya zo da bizar karatun digiri awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin zangon karatu, kuma masu ba da shawarar a ƙetare wannan ta bayan fage ba su da wuyar samu, har a ƙofar coci. Ban da haɗarin rasa biza, yaran da ke jin yadda ake shirya zancen a falo su ne za a zaunar da dare a karanta musu Dokoki Goma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Game da horo, ku ajiye bulala. Scotland ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar tabo ko ƙujewa laifi ne, kuma malaman makaranta suna kai rahoto ga hukumar kula da yara. Uban da ya saba da tsawa dole ya koyi zama ya yi bayani, ya kuma koyi ɗora tukunya idan uwargida ta dawo daga aikin dare, domin ɗansa namiji a nan zai ga ma'anar umarnin da aka ba maza a Afisawa sura 5, su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ba da kansa.

Cocin da za ku iya zuwa da ƙafa ko da bas ɗaya ya fi wanda ke nesa ko da 'yan gida ne suka cika shi, musamman a Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Sujadar da Turanci za a yi, don haka Hausa a gida za ta rayu: waƙa ɗaya da aya ɗaya bayan tuwon dare sun isa, muddin ba a fashi. Idan kuna biyan haraji, ku cike takardar Gift Aid, wadda ke sa gwamnati ta ƙara wa coci fam 25 a kan kowane fam 100 na baikonku. Ranar da za ku aika wa Kaka kuɗin magani ko kuɗin makarantar marayan ɗan'uwa, ku kira yaran su zauna, ku gaya musu abin da aka fasa saya a wannan wata, sa'an nan ku miƙa wa babban cikinsu wayar ya danna aikawa.