Kurakuran da aka fi yi wajen sa manhaja ta danna linzamin kwamfuta

Manhajar da ke danna linzami a madadinka ba ta ganin allo. Ba ta san maɓallin adanawa ba, lamba biyu kawai ta sani: nisa daga hagu da nisa daga sama. Yawancin ciwon kan masu amfani da kayan aikin sarrafa linzami irin su PyAutoGUI, AutoHotkey ko xdotool daga nan yake tasowa.

Babban kuskure shi ne kafe waɗannan lambobi. Mutum ya auna wuri a kwamfutarsa, ya kai wa abokin aiki, sai linzami ya riƙa sauka a gefe. Sau da yawa Windows ce ta ƙara girman komai zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, abin da aka saba gani a laftof. A Mac mai allon Retina, hoton allo yakan ninka lambobin da linzami ke aiki da su, sai ka raba biyu. AutoHotkey kuwa, muddin ba ka gyara CoordMode, saitin da ke nuna inda awo zai fara, ba, daga tagar da ke gaba yake fara awo. Masu kiran SendInput, umarnin Windows na aika dannawa, kai tsaye su ma suna da nasu tarkon: idan za a ba shi takamaiman wuri, ma'auninsa daga 0 zuwa 65535 ne, komai girman allo. Maganin wucin gadi shi ne nemo maɓallin ta hotonsa da umarnin locateOnScreen na PyAutoGUI. Ni dai na fi son pywinauto a Windows, domin da sunansa yake kamo maɓalli, ko an matsar da taga ba ruwansa.

Sai gaggawa. PyAutoGUI yakan dakata kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan kowane umarni, taga kuma ba ta buɗewa da wannan sauri. Wasu sukan cusa jiran daƙiƙa biyar su huta, ranar da intanet ta yi nauyi aiki ya watse. Sa manhajar ta riƙa dubawa har abin ya bayyana, ka kuma yanka mata iyakar jira.

Akwai lokacin da manhajar da ka rubuta lafiya lau take, amma shiru kake ji. Wannan maganar izini ce. Windows ba ta barin manhaja mai ƙaramin iko ta danna tagar da aka buɗe da ikon mai gudanarwa, kuma ba lallai ta faɗa maka dalili ba. Buɗe su da iko iri ɗaya. A Mac sai ka ba manhajar izinin Accessibility a saitin sirri da tsaro. A Linux, don tsohon tsarin nuna allo na X11 aka gina xdotool, Ubuntu kuma ta koma sabon tsari, Wayland, tun fitowar 21.04 a shekarar 2021. A Wayland ydotool ake nema.

Masu rubutu da Java su tuna umarnin mousePress, mai danne linzami, rabin dannawa ne. In babu mouseRelease mai sakin sa, linzami zai yi ta jan fayiloli.

Na ƙarshe ya fi ba ni haushi, wato kashe FAILSAFE a PyAutoGUI. Shi ne birkinka: manhaja ta rikice, ka wurga linzami kusurwar allo, nan take ta tsaya. Wanda ya kashe shi kuma ya rubuta umarnin da ke maimaita kansa ba iyaka, kokawa zai yi da linzami kafin ya kai ga rufe ta, tana ta danna duk abin da ta tarar. Bar shi a kunne, gwajin farko kuma ka yi shi a kan fayilolin da ba ka tsoron rasawa.