Wata 4, wata 9, wata 18: yadda za ki duba jaririnki a kan tabarma

Ɗana na uku ya cika wata 8 bai zauna ba. In na girke shi a bahon roba na tokare shi da tsummokara, sai ya sulale gefe kamar buhun da ba a cika ba. A gidan hayar da muke akwai yarinyar da aka haifa sati biyu bayansa, ita tuni tana jan ciki tana tsoma hannu a kwanon miya. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce gado ne, babansa ma sai da aka yaye shi ya taka. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne. Wata kuma ta ja ni bayan ɗaki ta tambaye ni ko ciki gare ni, yaro ya sha. Ni ba likita ba ce, ɗinki nake yi. Abin da zan faɗa miki na koye shi ne a bencin asibiti, cikin shekara biyu da na yi ina kai yaron nan.

Fara da lissafin watanninsa, don a nan na fara kuskure. Nawa bakwaini ne, ya zo saura sati 8 cikinsa ya isa. Ranar farko da muka ga likitar yara, ta ɗauki biro ta cire wata biyun nan daga watanninsa, ta ce a wurinta ɗan wata 6 ne ba ɗan wata 8 ba. Haka ake yi wa duk jaririn da ya zo kafin lokaci, ana cire satuttukan da ya rage bai yi a ciki ba, har ya kai shekara biyu. Ashe wata da watanni ina gwada shi da yarinyar da a gaskiya ta girme shi.

Ita gwadawar ma ba ta da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara 816 masu lafiya a ƙasashe 5, wato Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasu sun zauna tun kafin su cika wata 4, wasu sai bayan wata 9. Rarrafe ya kama daga wajen wata 5 zuwa wata 13 da rabi. Tafiya ba tare da dafa komai ba kuwa, daga wata 8 har wajen wata 17 da rabi, kuma duka lafiyayyu ne. Wajen huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Saboda haka idan naki jan gindi yake yi, ko ya tsallake rarrafen ya miƙe ya dafa bango, wannan kaɗai ba abin tashin hankali ba ne.

Amma jira yana da iyaka, kuma iyakar nan ce ba a faɗa mana a gida. Lamba uku za ki riƙe. Wata 4, wuya ya tsaya. Wata 9, ya zauna ba tokari. Wata 18, ya taka da kansa. In ya wuce ɗaya daga cikinsu bai yi ba, ba sauran "bari mu gani bayan salla". Na biyun ma ya zo daidai da ranar allurar ƙyanda ta wata 9, sai ki jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ki tambaya tun kina wurin.

Dubawa a gida

Ki zaɓi lokacin da ya ƙoshi, ya tashi daga barci, ba zazzaɓi. Ki shimfiɗa tabarma a ƙasa, ba a katifa ba, don katifa tana lotsawa ta ɓoye miki abubuwa. Ki tuɓe masa kaya, ki bar shi da nafkin kawai.

Kwantar da shi rigingine, ki kama hannayensa biyu ki ɗago shi a hankali kamar za ki zaunar da shi. Sabon haihuwa kansa zai rinjaya baya, wannan daidai ne. Wanda ya kai wata 4 zuwa 5 kansa zai biyo jikinsa. Sai ki kifa shi rub da ciki: ɗan wata 3 ko 4 zai tokare da gwiwar hannu ya ɗaga kai yana kallonki. Miƙa masa cokali ko murfin kwano a tsakiyar ƙirjinsa, ba ta gefe ɗaya ba, ki ga hannun da zai kawo. Ki yi sau biyar, sau shida. Jaririn da bai shekara ba bai kamata ya zama bahago ko badame ba tukuna, hannu biyun yake amfani da su. In kullum ɗaya yake miƙowa, ɗayan yana dunƙule da babban yatsa a ciki, ba baiwa ba ce, a kai shi a duba. Haka nan hannun da ya ƙi buɗewa bayan wata 4.

Sannan ƙafafu, inda nawa ya nuna. Na daɗe ina lura cewa in zan sa masa nafkin, cinyoyinsa ba sa buɗuwa da sauƙi, sai na yi kamar ina kokawa da shi. In na ɗaga shi ta hammata sai ya miƙe ƙafafun ƙyam, ya harɗe su kamar almakashi, yatsun suna kallon ƙasa. Mu kuma muna ta murna, wai yaro mai ƙarfi, tun yana wata 3 yake son tsayuwa. Sanƙarewa ce, ba ƙarfi ba. Kishiyarta kuma shi ne yaron da in kin ɗaga shi yake zamewa daga hannunki, laɓe-laɓe kamar jiƙaƙƙen zane, in ya kwanta ƙafafunsa su baje kamar na kwaɗo. Duk biyun ba sai an jira wata 9 ba.

Ki ɗauki bidiyo da wayarki, ko da na minti ɗaya ne. Yara sun iya kunyata uwa: a gida yana yi kullum, gaban likita sai ya yi ta tsala kuka ko ya ɓingire da barci.

Akwai kuma abubuwan da ba na gobe ba ne, na yau ne. Yaron da ya iya abu sannan ya daina, yana zama ya koma ba ya iyawa, ko yana tafiya ya koma rarrafe. Jijjiga, har da ƙaramar nan da jariri zai riƙa zabura yana dunƙulewa sau da yawa a jere, galibi in ya farka, wadda ake ɗauka ciwon ciki ne. Da ƙafa ko hannun da ya saki farat ɗaya, don yana iya zama shan inna. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016, amma akwai wani nau'inta da har yanzu yake yawo inda yara ba su samu ɗigon rigakafi ba. Ma'aikatan lafiya na son a kai musu irin wannan yaron da wuri, za su karɓi kashinsa sau biyu su aika gwaji.

In za ki asibiti

Ki tafi da katin rigakafinsa, don nauyinsa na kowane zuwa yana ciki. Ki kuma shirya amsoshi tun daga gida, saboda layi yana da tsawo, likita kuma ba zai ba ki rabin awa ba. Za a tambaye ki: naƙudar ta yi tsawo? Ya yi kuka da ya faɗo, ko sai da aka yi ta fama? An kwantar da shi? Ya yi shawara a satin farko, idonsa da jikinsa sun yi ɗorawa? Ya taɓa sanƙarau, ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma? Ke da babansa 'yan'uwa ne? Kada ki ji kunyar ko ɗaya. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai suna cikin manyan abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara a ƙasar nan, kuma shawarar ana maganinta da fitila ta musamman a asibiti, shanya jariri a hantsi ba ya wadatarwa. (Tun da maganar ta zo: ki raba kayan jariri da ƙwallayen kafur ɗin nan da muke zubawa a akwati. Akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya tayar da shawarar.)

Kada ki ce "yaron nan ba shi da lafiya" ki yi shiru. Ki ce: watansa kaza, an haife shi saura sati kaza, ba ya zama, ƙafafunsa suna harɗewa, ga bidiyo. In a ƙaramin asibiti ne aka ba ki maganin ƙarin jini aka ce ki tafi, ki roƙi takardar turawa wurin likitan yara. Ni sai a zuwa na biyu na samu, don a na farko an ce min "ai zai yi", ni ma kuma abin da nake son ji ke nan. A Kano akwai sashen fisiyo, wanda muke kira gashin ƙashi, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, manyan asibitocin sauran jihohi ma suna da shi. Ki nemi a gwada jinsa da ganinsa, don yaron da ba ya gani sosai ba shi da dalilin miƙa hannu.

Ba kowane jinkiri ne daga ƙwaƙwalwa ba. Na zauna benci ɗaya da matar da 'yarta tamowa ce kawai ta hana ta tsayuwa, kunu zalla take sha tun wata 6. Wani kuma ƙashinsa ne ya yi laushi, wuyan hannunsa ya yi kauri, ƙafafu sun fara baka. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa a wurinmu, inda rana ba ta yanke mana ba, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne kan gaba wajen kawo wannan. Daga wata 6, nono na nan, amma a ƙara da ƙwai, gyaɗa, waken suya, madara, busasshen kifi dakakke da ƙashinsa, da miyar kuka.

Abin da za ki yi a gida kullum ba ya cin ko sisi. Ki sauke shi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a rana yana kife rub da ciki, idonsa biyu kina kusa, a rarraba, ba a zama ɗaya ba. In ya ƙi tabarma, ki kishingiɗa ki ɗora shi a ƙirjinki. Barci kuwa a rigingine. Hukumar ta kuma ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, har da goyo. Da na ji wannan na yi dariya, na ce wanda ya rubuta bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma da yaro yana kuka ba. Goyo bai yi laifi ba, amma gaskiya ne yaron da ya wuni a baya daga hantsi zuwa la'asar bai samu filin gwada jikinsa ba. Ni dai na koma shimfiɗa masa tabarma kusa da keken ɗinkina, ina baza masa ƙyallaye masu launi ɗan nesa da hannunsa.

Keken roban nan da ake zura yaro a ciki ƙafafunsa na lilo, ki bar shi a kanti. Ba ya koyar da tafiya, yana sa ɗage, kuma yana kai yaro bakin murhu ko matakala kafin ki juyo. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Na katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi ya fi, shi ma sai yaro ya fara miƙewa da kansa, kuma a rufe rijiya.

An ce in kai shi a yi masa tsaga a gwiwa, an ce in haƙa rami in binne ƙafafunsa har cinya don su miƙe. Ban yi ba. Addu'a da tofi kuwa ba mu fasa ba ko kwana ɗaya. Hajiya da kanta, wadda ta ce gado ne, ita ta koma raka ni asibiti, ta iya miƙar da ƙafar nan fiye da ni. Takan ce, "Ke kawo shi nan, hannunki rawa yake."

Likita ta ce haihuwar wuri ce ta ɗan taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ƙafafu, tabon ba ya ƙaruwa, amma tsokar na iya ƙara ɗaurewa in an bar ta. Sau biyu a rana muke yi masa atisayen da aka koya mana, bayan wankan safe da bayan magariba. Ya zauna yana wata 11, wato 9 a lissafin likita. Ya taka yana shekara biyu da wata ɗaya, ranar wata Laraba, daga bakin gado zuwa buhun gawayi. Yanzu shekararsa 6, da ƙafarsa yake zuwa Islamiyya. Dunduniyar dama har yau ba ta gama sauka ƙasa ba, shi ya sa takalminsa ta gaba yake cinyewa, duk wata uku sai na sayi wani. Watan gobe za mu koma a sake auna masa takalmin roban miƙar da ƙafa da yake kwana da shi, na yanzu ya matse shi.