Kafin ka sayi bargo, san wanne ake nufi

Sanyin hunturu ya fara shigowa kowa na neman abin rufa, to amma kalmar bargo ɗin nan ta zama jakar magori, duk abin da ke da kauri sai mai shago ya ce maka ai bargo ne Alhaji. Ba ɓargo na cikin ƙashi ba fa, duk da a waya yawancinmu iri ɗaya muke rubuta su.

In ka shiga Kantin Kwari ko wajen 'yan gwanjo, fara tambaya da me aka yi shi. A wajen iyayenmu kowanne da sunansa. Gwado na auduga ne, saƙar hannu, ƙwarya ƙwarya ake saƙawa a haɗe. Luru shi ma auduga ne amma ya fi girma da nauyi, ga ratsi-ratsi. Sakala kuwa ita ce ta gashi, tana da kaushi tana ɗan soka a jiki amma wallahi sanyi ba ya keta ta. Mulufi daban yake, jan yadin ulu ne mai kauri da za ka gani a kayan doki ranar hawan sallah, ba na kwanciya ba ne.

Wannan mai laushin da ke zuwa cikin jaka mai zif, da hoton damisa ko fulawa, galibinsa zaren roba ne, ba laifi yana da ɗumi, kawai dai kar a karɓi kuɗin ulu a hannunka.

Gwajin ba wuya. Roƙi mai kaya ya bar ka ka zare ɗan zare daga gefe ka sa masa ashana. Ulu na gaske warin gashi yake yi kamar ana babbakar kan rago, tokar kuma ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule kamar leda, ka yi hankali yana manne wa fata. In ya hana ka gwadawa to ka san dalili.

Sai wanki, nan ne ake asara. Ni na taɓa jiƙa nawa a ruwan zafi wai don ya fita tas, da ya bushe sai ƙafafuna a waje, ƙanina na ba wa. Ruwan sanyi da ɗan sabulu, kar ka murɗe, matse shi a hankali ka shimfiɗa a inuwa. In zafi ya shigo ka ninke ka jefa kafur a ciki saboda asu.